Malam Bawa, Mai Gadin Duwatsun Nasara

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Hindawiyya, Malam Bawa ba ya tsayawa hirar bakin masallaci. Sai ya saɓa tsintsiyar kaba, ya ɗauki garwar ruwa, ya nufi doguwar katangar nan mai ƙofar ƙarfe, wadda mutanenmu ke ƙara sauri in sun zo wucewa ta gabanta. Maƙabartar Nasara ke nan, inda ake binne Turawan da ajali ya riska a Jidda tun zamanin Turkawa: matuƙan jiragen ruwa, fatake, likitoci, da 'ya'yansu da zazzaɓi ya ɗauke. Shi ne mai gadinta. Ya buɗe ƙofa, ya kori awakin da suka haura, ya share ganyen darbejiya, ya yayyafa wa shuke-shuke ruwa a garin da ruwa ke tsada, sannan ya bi duwatsun kaburbura da tsumma yana gogewa. Bai yi boko ba, ba ya karanta abin da aka sassaƙa a kansu, don haka ya raɗa musu sunaye da zanen da ke jikinsu. Akwai Mai Ƙugiya, mai hoton ƙugiyar tsayar da jirgi. Akwai Mai Littafi, akwai Mai Takobi, akwai 'yar ƙarama Mai Kurciya.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, ƙarshen watan nan zai mayar da mabuɗi. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana da kunnen ji. Mu dai mun iya yabon mutum ranar da aka ɗauko makararsa, kuma wannan ba hali ne mai kyau ba.

An daɗe ana yi masa dariya. Wasu suna cewa mai gadin waɗanda ba sa guduwa, wasu suna tambayarsa ko mutanensa sun tashi lafiya. Akwai masu ɗaure fuska su ce Musulmi ɗan Musulmi ya rasa abin yi sai share wa Nasara kabari. Amsarsa ɗaya ce tun yana da baƙin gemu: shi ba ya yi musu salla, ba ya yi musu addu'a, hisabinsu yana wurin Wanda ya halicce su, shi amana aka ba shi ya ce ya karɓa. Daga nan ba ya ƙara komai, ko da za a wuni ana tsokanarsa.

Abin da nake so matasa su sani ya faru ne shekarar babbar ambaliya, wadda 'yan Jidda ke kira sel. Ruwa ya gangaro daga duwatsun gabas, ya cika lunguna, ya kayar da katangar maƙabartar ta ɓangaren da ke fuskantar gidajenmu. Kafin ƙasa ta tsane Bawa ya iya kutsawa ciki, duwatsun marmara da yawa sun yi ƙafa. A wurin mutanenmu, abin da ambaliya ta yasar a lungu ba shi da mai shi. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin marmara ta yi iyo ba, amma daga baya kowa ya rantse a ƙofar gidansa ya tsinci tasa.

Jakadun Turawan da ke garin su ne ke karɓa-karɓar kula da wurin. Wanda abin ya faɗo a hannunsa a shekarar, wani dogo ne mai jan wuya, ya zo da tafinta ya zaga, ya ga gindin duwatsu tsaye kamar haƙoran da aka fasa. Ya ce waɗannan ba duwatsun gini ba ne, kayan tarihi ne, an hana kowa taɓa su, kuma gobe zai kai ƙara a turo askarawa su bi unguwar gida-gida.

Bawa ba duwatsun yake ji ba a lokacin, maganar gida-gida yake ji. Wanda ya san Hindawiyya ta wancan zamani ya san mutum nawa ne suka zo hajji suka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Askari in ya shiga gida neman dutse, takarda zai fara tambaya, wanda ba shi da ita kuwa sai jirgin ruwa, ko da a nan ya haifi 'ya'yansa. Baturen ya ce in Bawa ya san ɓarayin ya faɗi sunayensu, a huta da binciken kowa. Bawa ya ce sunaye ba za su fito daga bakinsa ba, amma a ba shi zuwa ranar da Turawa ke taruwa kowace shekara su ajiye furanni, wadda ta rage 'yan makonni. In ranar ta zo da dutse ko ɗaya a waje, a kira askarawa, a fara da shi. Baturen ya dube shi sama da ƙasa, ya yarda.

Da farko Bawa ya bi hanyar da kowa zai bi. Ya je wurin umda, mai unguwarmu, aka yi shela cewa duk mai dutse ya mayar, ba za a tambaye shi komai ba. Shelar nan ita ta ƙara ɓata lamari. Kowa ya lissafa cewa wanda aka gani da dutse a kafaɗa ya amsa laifi ke nan, sai aka ƙara tura su cikin ɗaki. Mutanen da jiya suke alfahari da sabon dandamali, yau ba su taɓa jin kalmar marmara ba.

Matarsa Dela ce ta buɗe masa ido. Mace ba a hana ta shiga gida. Ta ɗauki mayafi ta shiga gaishe-gaishen jajen ambaliya, har gidajen da ruwa bai taɓa ba. Kullum ta dawo da labari: Mai Littafi yana gidan wanki ana bugun kaya a kansa, Mai Takobi yana gahawar bakin titi, wato shagon shayi, 'yan dumna, wato domino, suna buga wasansu a bayansa, Mai Ƙugiya kuwa yana wurin Hamad mai gurasa. Ta tambaye shi yadda zai yi da mutanen da suka riga suka rantse. Ya ce ba zai ƙaryata kowa ba, aikinsa kawai zai je ya yi.

Hamad haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma a lokacin kasuwarsa ta buɗe. Bayan dutsen yana da kaushi, sai ya ɗora shi a kan tebur fuskar rubutun tana sama, yana murza ƙullu a kai. Kowace gurasa ta fito daga tanderu da haruffan Turawa a gindinta. Masu saye suka ɗauka sabon yayi ne daga ƙasar waje, Hamad kuma bai ga dalilin gyara musu zato ba.

Da safe layi ya yi tsawo, sai ga Bawa da tabarma da tsintsiya da garwa. Ya yi sallama, ya share ƙofar shagon tsaf, ya yayyafa ruwa, ya shiga ciki ya goge gefen teburin da tsummansa, ya ajiye reshen ɗoɗɗoya a kusurwa, ya fito ya shimfiɗa tabarma ya zauna.

Hamad ya leƙo da gari har gira, ya kira shi ammi, wato baffa da Larabci, ya ce, "Ammi Bawa, lafiya? Gurasa kake so?"

"Aiki na zo, ɗana."

"Wane aiki a shagona?"

Bawa ya ce, "An ɗauke ni gadin Mai Ƙugiya. Ba a ce mini sai yana cikin katanga ba. Tunda ya yi ƙaura zuwa wurinka, nan ne wurin aikina. Ci gaba da murzarka, sai dai ka sassauta hannu ta wajen kansa."

Wata mata da ta riga ta karɓi gurasarta ta juya ta, ta ƙura wa haruffan ido, ta tambayi Bawa abin da aka rubuta. Ya ce shi bai yi boko ba, amma yadda ya saba gani, na sama sunan mamacin ne, na ƙasa shekarar da ya mutu. Matar ta ajiye gurasar a hankali kamar mai ajiye jariri, ta goge hannu a mayafi, ta tafi. Kafin Hamad ya gama rantsuwa cewa dutsen daga Makka wani ɗan'uwansa ya aiko masa, layin ya watse, saura wani kurma da bai ji abin da ake ciki ba.

Hamad ya yi taurin kai kwana biyu. Bawa kuwa kullum yana nan, ba zagi, ba gori, in an gaishe shi ya amsa, in an tambaye shi ya ce yana bakin aiki. Da uwar Hamad da kanta ta aika a sayo mata gurasa a unguwar Mahjar, sai ya sallama. Ya kawo amalanken jaki, ya ce, "Halas, ya ammi. Yalla, ɗauki mutuminka." Bawa ya ce shi bai kawo shi nan ba, wanda ya ɗauko shi shi zai raka shi har makwancinsa. Haka Hamad ya ja jaki da rana tsaka, duk unguwa tana kallo, Bawa yana biye da tabarma a hammata. Ba askari ko ɗaya da ya tare su. Mutane suka ga ashe ana iya mayar da dutse a koma gida a kwana lafiya.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. A gahawa wuni ɗaya ya yi. Ya zauna gefen 'yan dumna, duk wanda ya buga da ƙarfi sai ya ce masa a yi a hankali, mutumin soja ne, ba ya son raini. A gidan wanki bai ma kai ga shimfiɗa tabarma ba. Har ta kai in aka hango shi ya shigo lungu da kayan aikinsa, sai ka ji ana neman aron jaki. Wata rana ya gaji, ya raɓe a inuwar wani gida don kawai ya huta. Maigidan ya fito yana faɗa, yana cewa shi mutumin kirki ne, kowa ya san shi, kuma abu ɗan wannan bai kai a zo a zauna masa a ƙofa ba. Ya hau rufi ya sauko da fiffiken wani mutum-mutumin marmara da ya danne kwano da shi. Bawa bai ma san fiffiken ya ɓata ba. Ya karɓa ya yi godiya.

Dela ce ta sha wahalar abin. Ta ce an daina gayyatarsu suna da biki, mata suna ganinta sai su tsaya a bakin ƙofa su tare hanya da jiki, kuma duk ranar da ya kuskura ya shimfiɗa wannan tabarmar a ƙofar ɗakinta, gidan yayanta za ta tafi.

Aka wayi gari duk sun koma sai ɗaya, 'yar ƙaramar nan Mai Kurciya. Dela ta san inda take, amma ta yi ta kwana-kwana, sai da ranar furanni ta matso sannan ta faɗa. Tana wurin Iya Mastura, wata tsohuwa daga cikin Hausawan Sudan, mai sayar da soyayyar gyaɗa a hanyar tashar jirgin ruwa. Ba miji, ba ɗa, ba takarda. In askarawa suka shigo, ita ce ta farko a jirgi, kuma ba ta da kowa a inda za a sauke ta.

Bawa ya je ya share ƙofarta, ya yayyafa ruwa, ya zauna. Tsohuwa ta fito ta dube shi, ta koma ta kawo masa shayi. Ta ce ya zauna har Mahadi ya bayyana, ita ba a sayen komai a ƙofarta balle masu saye su gudu, kuma ta binne mutanen da suka fi wanda yake gadi yawa. Da ta ga zaman nasa na gaske ne, sai ta turo masa kwaryar gyaɗa ta ce hannu ba ya zama banza a gidanta. Mutumin da ya girgiza Hindawiyya da tabarma, ga shi yana ɓarar gyaɗa daga safe har azahar, kwana da kwanaki, dutse ko gezau. 'Yan gahawa suka samu abin dariya, suna aiko masa a tambaye shi nawa ne mudu.

Ana gobe ranar furanni, ya bar tabarmar a gida. Ya ɗauki Dela, suka yi sallama, ya roƙi a bar shi ya ga dutsen da idonsa kawai. Mastura ta ɗaga labule. Ba wanki ake yi a kansa ba, ba niƙa ba. Yana jingine a gefen gadonta, an wanke shi fes, an lulluɓe shi da farin zane.

Ta ce lokacin da suka taso da ƙafa daga bakin kogin Nilu zuwa tashar Sawakin don su tsallako teku, 'yarta Zakiya ta rasu a hanya. Ayari ba ya jira. Aka tona rairayi aka rufe ta, kafin su yi nisa iska ta share wurin. Ranar ambaliya ta ga dutsen nan kife cikin laka, girmansa kaɗai ya gaya mata na yarinya ne.

Ta ce, "Uwarta tana wata ƙasa, tawa 'yar tana wata ƙasa. Na ce bari in riƙe mata tata."

Dela ta juya fuska bango. Bawa bai yi wa tsohuwar wa'azi ba, bai ambaci askari ba, don ta san da maganarsu sarai. Sai ya ce, "Iya, kin riƙe dutse da kyau, ban taɓa wanke shi haka ba. Amma yarinyar ba ta nan. Tana can tun ranar ambaliya ba komai a kanta, ita kaɗai a tsakiyar matuƙan jirgi."

Mastura ta ɗago kai. "Matuƙan jirgi?"

"Dama da hagu."

Tsohuwar da ta shekara tana sayar da gyaɗa a hanyar tasha ta san matuƙan jirgi. Ta shiga yi masa faɗa, wane irin mai gadi ne shi da zai bar 'ya mace cikin irin waɗannan mutane, ashe duk shekarun nan ba wata mace da ke leƙa ta. Ya ce shi ma abin yana damunsa, maza Allah ya ba shi, bai iya renon 'ya mace ba, da za a samu wadda za ta ɗauke masa wannan kabari ɗaya da ya gode. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, za ta yi tunani.

Washegari motocin Turawa suka fara tsayawa a bakin katanga, gurbin Mai Kurciya yana nan fayau. Dogon Baturen ya shigo da furanni a hannu yana bin layi yana dubawa, Bawa yana biye. Da suka zo kan Mai Ƙugiya, Baturen ya tsaya ya sunkuya. Ƙullun Hamad ya bushe a cikin haruffan, sun fito fari tas, ana karanta su daga nesa. Ya sa tafinta ya tambayi wane magani aka sa, yana so a yi wa sauran duka. Bawa ya ce akwai wani gwani a unguwa, amma yana jin ya bar wannan sana'ar.

Saura kabari kaɗan su kai gurbin, sai ƙofar ƙarfe ta yi ƙara. Ga Mastura da gammo, dutse a ka, lulluɓe da farin zanensa, tana ratsa Turawa kamar ta shigo kasuwa. Ta sauke, ta zaunar da shi a gindinsa, ta gyara, ta harari kaburburan da ke dama da hagu. Baturen ya tambaya wace ce wannan, daga ina ta fito da dutsen.

Bawa ya ce, "Mai kula da yarinyar ce. Wanki ta kai shi."

Ba ƙarya a ciki, ga dutse yana sheƙi. Baturen ya dubi tsohuwa, ya dubi dutsen, ya cire hularsa, ya miƙa mata furannin da ke hannunsa. Ta karɓa ta tambayi Bawa a hankali ko ana sa su a miya. Ya ce a ƙasa ake ajiyewa. Ta ce ɓarna, amma ta ajiye.

Askari bai shiga Hindawiyya ba. Ba wanda aka ɗora a jirgi saboda dutse. Iya Mastura kuwa ta riƙa zuwa kowace Juma'a da ɗan tulunta har ƙarfinta ya ƙare, kuma ranar da ta cika, Bawa yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta zuwa maƙabartar Musulmi.

Malam Bawa, kai ne ka riƙe amanar waɗanda ba za su taɓa tashi su tambaye ka ba, kuma ba ka sayar da maƙwabcinka don ka cika ta ba. Kai ne ka san kowane gida da abin da ke cikinsa, aka ce ka faɗi suna ka huta, ka zaɓi zaman rana a ƙofar mutanen da ke yi maka dariya. Akwai magidanta a unguwannin Sa'alaba da Mahjar yau, masu shaguna da motoci, da ba su san cewa da ka buɗe baki a ranar nan, da a wata ƙasa aka haife su ba. Bawan Allah na Dela, mai tabarmar da ta fi sammaci. Mun gode. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya saka wa Dela da ta jure.

Ku kuma samarin yanzu, da ake ba ku ajiyar shago na wuni ɗaya a dawo a tarar kun tafi kallon ƙwallo, ku je ku zauna kusa da wannan tsoho tun yana nan, ku ga yadda ake riƙon abin da ba naka ba. Aiki ba ya ƙasƙantar da mutum don an yi masa dariya a kansa.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a taru a ƙofar gidansa a yi masa addu'a, Hamad ya ɗauki nauyin gurasa, ya kuma rantse a kan katako yake murzawa. Kowa ya zo. Mai gidan nan kuma da ya yi wa kajinsa akurki da ƙarfen shingen maƙabartar, wanda Bawa ya daɗe da sani ya yi shiru don ba a lissafa shi cikin duwatsu ba, ya taho da shi ranar, mutumin nan ya mayar da mabuɗi ba a bin sa komai. Gwiwar Bawa ba ta iya zaman ƙofar kowa yanzu, amma tawa da sauranta.